Anchau da Takalafiya: Labarin Gatari da Rijiya a Ƙasar Zazzau

Cikin ayyukan da aka yi da hannun En'e domin lafiyar talakawan ƙauye a Arewacin Nijeriya, da wuya a sami wanda sunansa ya yi nisa kamar aikin Anchau. An buga labarinsa a London cikin shekarar 1948, masana na ƙasashe dabam dabam suka yi ta ambatonsa shekara da shekaru. Amma mafi yawan abin da aka rubuta labarin likitoci ne da masanan ƙwari. Ba a cika faɗin rabon hakimi da dagaci da mai unguwa ba, balle na talakan da ya riƙe ƙotar gatari. Tun da ya ke wannan ɗan littafi na tunawa da ma'aikatan En'e ne, ya kamata a ba da labarin ta wannan fuska, da daɗinsa da ɗacinsa duka.

Anchau tsohon gari ne mai ganuwa, gabas da birnin Zariya. A zamanin da mu ke magana yana cikin Lardin Zariya, yanzu kuwa shi ne mazaunin Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce mai albarka, ga fadamu, ga rafuka, ko wane rafi kuwa da duhuwar itatuwa da sarƙaƙƙiya a bakinsa. Wannan ni'ima ita ta kusa cinye mutanen wurin.

Ga yadda abin ya faru. Kafin zuwan Turawa, tsoron hari da kamun bayi ya tattara mutane cikin garuruwa masu ganuwa. Gonaki suna kewaye da gari, daji na kusa an sare shi don itacen wuta da noma. Da Turawa suka ci ƙasa, watau Zariya cikin 1902, Kano da Sakkwato cikin 1903, hanyoyi suka yi lafiya, sai mutane suka fantsama daji, kowa ya nemi ƙasa mai ƙarfi ya kafa 'yar tungarsa. Mai kafa tunga kuwa bakin ruwa ya ke nema. Har wa yau tafiye-tafiye suka yawaita: ga fatake, ga 'yan ƙwadago masu zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, ga jirgin ƙasa wanda ya isa Kano cikin 1911. Mutum ya kwaso cuta a wannan rafi, ya kai ta wancan. Kun ga ke nan zaman lafiya da kansa ya buɗe wa ciwon barci ƙofa, abin da ba wanda ya zata.

Mai yaɗa ciwon shi ne ƙudan tsando, musamman irin na bakin rafi. Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan halinsa, gama dukan dabarar Anchau a kan halin nan nasa aka gina ta. Ƙudan tsando ba ya yin ƙwai barkatai kamar sauro. Macen takan reni ɗa guda a cikinta, ta haife shi tsutsa a ƙasa mai laushi cikin inuwa, tsutsar ta nutse ta yi kamar wata guda, kana ta fito ƙuda. Da namiji da mace jini kaɗai su ke sha. Ba shi da haƙurin zafi da bushewa ko kaɗan. Da damina yakan bi rafi ya yi nisa, amma in hunturu ya busa, bazara ta kama, sai ya tattaru a 'yan wuraren da ruwa ya saura, inda inuwa ta ke da duhu. To, nan ne kuma mata ke zuwa ɗiban ruwa da wanki, nan yara ke wanka, nan matafiyi ke ƙetarewa. Ƙuda kaɗan, amma kullum suna kan mutane ɗaya. In ɗaya ya ciji mai cutar, bayan kamar mako uku ya zama mai rarraba ta har iyakar ransa.

Ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a wuya, abin da mutumin ƙauye ba ya ko kula da shi. Yana iya yin shekara biyu ko uku a jiki yana cin mutum a hankali, sa'an nan ya hau ƙwaƙwalwa, mutum ya lalace, ya riƙa gyangyaɗi da rana ko da loma a hannunsa, har mutuwa ta zo. Cikin shekarun 1930 Gwamnati ta kafa ƙungiyoyin masu bincike a ƙarƙashin Likita Lester. Dagaci ya tara mutanensa gindin itace, malaman asibiti su bi layi suna lalubar wuya, wanda aka ji kaluluwa a tsotsi ruwanta da allura a duba a madubin likita. Daga 1931 zuwa 1940 an duba mutum sama da miliyan 3 a ƙasar nan, aka sami masu cutar wajen 300,000. A gundumar Anchau kuwa, da aka duba, sai aka tarar wajen mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita.

Akwai magani a lokacin, allura iri biyu. Ɗaya ta Jamus ce, ana ce da ita Bayer 205, ɗaya kuwa haɗin gubar arsanik ce, wadda kan taɓa idon waɗansu. Sai an yi makonni ana zuwa karɓa. Amma me aka yi, in an warkar da mutum ya koma ɗiban ruwa a mashayar jiya? Ƙudan yana nan yana jiransa. Sabo da haka aka ga lalle sai an raba mutum da ƙuda.

Cikin 1937 abubuwa uku suka haɗu. Aka kafa dokar ciwon barci, wadda ta ba da ikon tilasta wa mutane zuwa a duba su, da fita sassaben rafi. Aka sami gudummawar fam 95,000 daga asusun raya ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, za a kashe cikin shekara biyar. A shekaran nan kuma Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku, Allah ya ji ƙansa, ya hau gadon sarautar Zazzau, wadda ya riƙe har 1959. Wanda aka ɗora wa aikin Anchau shi ne Dokta Nash, masanin ƙwari, wanda ya riga ya yi shekaru a Gadau ta ƙasar Katagum yana nazarin ƙudan tsando. Shawarar da aka yanke ita ce a share wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 da faɗin mil 10, watau wajen murabba'in mil 700, a kore ƙuda daga cikinsa sarai.

A nan akwai wani lissafi wanda ya kamata ko wane ma'aikaci ya riƙe, don shi ne gindin maganar. Sare kurmi sau ɗaya ba wuya, in akwai kuɗi. Amma kututture yakan yi toho, bayan damina biyu ko uku rafi ya koma yadda ya ke. Dole ne ko wace shekara a koma a sassabe, wannan kuwa ba baitulmalin da zai iya biya har abada. Sai dai mutanen wurin su yi da kansu. Aka lissafta aka ga sai ƙasa tana da mutum kamar 70 a ko wane murabba'in mil kana hannuwansu za su isa su riƙe rafukansu. Tungar da ke da gida biyar a tsakiyar daji, da rafi mil uku a bayanta, ba yadda za ta yi. Ashe tun daga tushe aikin ya dogara ne ga aikin gayya. Likita ya kawo dabara, Ingila ta kawo fam, amma gatarin shekara shekara na talaka ne, mai kiran gayyar kuwa dagaci.

Ba ko wane itace aka sare ba. Abin da ƙuda ke bukata shi ne inuwa ta ƙasa ƙasa mai riƙe laima, don haka aka fi bin sarƙaƙƙiya da kuranga da itatuwa masu rassa har ƙasa, dogayen itatuwa masu miƙaƙƙen jiki a bar su. Iska da rana su shiga, su gama sauran aikin. A bakin iyaka kuwa, inda rafi ya fita daga cikin zirin, sai a yi masa ƙwal na nisa mai yawa, don kada ƙudan waje ya biyo ruwa ya komo. Haka aka bi rafuka ɗaruruwan mil.

Inda aka sha wuya shi ne wajen waɗansu kurame da mutane suka ce mazaunin iskoki ne. Waɗannan ba mai sa musu gatari, ko da za a ɗaure shi. Aka yi lallashi, aka yi barazana, a banza. Daga bisani sai da aka kawo 'yan ƙwadago baƙi daga wata ƙasa, waɗanda ba ruwansu da iskokin Anchau, suka sare. Mai karatu na iya yin murmushi, amma a duba da kyau: kakannin mutanen nan sun lura cewa mai yawan shiga kurmin nan yakan kamu da ciwo, ba su kuwa yi ƙarya ba. Sun san wurin, sunan mai laifin ne suka saɓa da likita a kansa. Da an sami mai haƙurin da zai fara daga abin da suka sani ya kai su ga abin da ba su sani ba, da wataƙila labarin da za mu ba da nan gaba ya sake.

Game da tashin mutane, da fari an zaci jama'a mai yawan gaske za a tayar. Da aka ƙidaya mutane gida gida, aka auna ƙasa, sai aka ga abin bai kai haka ba. Waɗanda aka tayar wajen mutum 5,000 ne, daga 'yan ƙauyuka sama da 40, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka 16. Ba a kafa ƙauye sai an tabbata ƙasar za ta ci da mutanenta, an kuma tabbata akwai ruwa a ƙarƙashinta. Duk da haka kada a ɗauka abin ya zo wa kowa da sauƙi. Mutum ya bar kufan ubansa, da kukar da ya gada, da kabarin iyayensa, don wani ƙuda da bai yarda da laifinsa ba. Wanda ya kai masa wannan saƙo kuwa ba Bature ba ne, dagacinsa ne da ɗan sarki.

Shi kansa garin Anchau, mutum wajen 2,500 ne cunkushe cikin ganuwa, a filin da bai fi kashi ɗaya cikin takwas na murabba'in mil ba. Lunguna ƙunci, ɗaki na jingine da ɗaki, kududdufai cike da ruwan kore, rijiyoyi dab da juji. In gobara ta tashi sai ta ga iyakar unguwa. Aka rage cunkoson, aka fasa hanyoyi, aka cike ramuka, aka gyara kasuwa da mahauta. Waɗanda aka fitar aka gina musu sabon gari kusa, da tituna masu faɗi, da fili tsakanin gidaje don tsare wuta, aka dasa itatuwa a jere, aka yi makaranta da ɗakin magani. Aka sa wa garin suna Takalafiya.

A ganina, cikin dukan abin da aka yi ba abin da ya kai rijiya. Rijiyar gargajiya bakinta daidai da ƙasa ya ke, an gitta itace, ruwan da ya zube da ƙazantar da ke kewaye duk su koma ciki. Ta Anchau kuwa aka ɗaure ta da siminti, aka ɗaga bakinta, aka yi mata daɓe mai gangara don ruwa ya gudu waje. Amfaninta biyu ne. Na ɗaya, mace ta huta da zuwa rafi, ta rabu da ƙuda. Na biyu, kurkunu. Shi kurkunu a ruwan sha a ke ɗaukarsa: mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, wani ya zo ya sha. Bayan kamar shekara guda ta ɓullo masa a ƙafa, sau da yawa kuwa da damina, lokacin da gona ke neman mai ita. Rijiyar da ba a sa ƙafa cikinta ta yanke wannan zagaye. Magidancin da ya yi noman bana a tsaye, alhali bara yana kwance, ba ya bukatar dogari ya gaya masa amfanin rijiya.

An yi waɗansu ayyuka kuma na gona da kiwo da dashen itatuwan marmari, ba za mu tsaya kansu ba. Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya janye ma'aikata ya kuma sa kayan aiki suka yi wuya, amma aikin bai tsaya ba. Ƙuda ya ɓace daga cikin zirin, ciwon barci ya ragu har ya zama sai jefi jefi, shanu suka sami wurin zama. Wannan nasara ce ta gaskiya, ba mai ƙwace wa waɗanda suka yi ta.

To, sai ga wani baƙo. Wajen shekara 20 bayan fara aikin, wani malamin Jami'ar Mishigan ta Amurka, Horace Miner, ya zo ya zauna a ƙasar Anchau yana tambayar mutane, ya buga abin da ya gano cikin 1960. Ya tarar ana nan ana sassaben rafi ko wace shekara. Amma da ya tambayi dalili, amsar da ya fi samu ita ce an ce a yi ne. Da yawa ba su yarda ƙuda ke kawo ciwon ba, har cikin masu sarautar da ke kiran gayyar akwai waɗanda ba su iya faɗin dalilinta. Abin da ya fahimta shi ne, ran da aka ɗauke tilas, ran nan gatari zai koma rataye.

Wannan magana tana da ɗaci ga ma'aikacin En'e, amma ba ta kamata a ɓoye ta ba. Tsarin En'e ya gwanance wajen saukar da umurni: daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, kafin rana ta faɗi magana ta kai ƙofar ko wane gida. Ba domin wannan tsani ba, da ba a sare ko mil ɗaya ba. Sai dai umurni yakan sauka da ƙarfinsa, dalili kuwa ya riƙa zubewa a ko wane mataki, kamar ruwa a tsohon guga. In ya iso ƙasa, saura "an ce" kaɗai. Haka abin ya ke ga duba-gari a birane da manyan garuruwa. Yana leƙa randa, yana duba salga, yana kai mai laifi gaban alƙali a ci shi tara. Mata suna jin an ce ga shi nan tafe sai a hau shara da kife tukwane, in ya ba da baya a koma yadda a ke. An ji tsoronsa ƙwarai, amma kaɗan ne suka ɗauke shi malami. Ba laifin mutum ɗaya ba ne. An ba shi littafin tara, ba a ba shi lokacin zama a zaure ba.

Abin da ya hana ƙuda komowa daga baya ya zo ta wata hanya dabam. Daga shekarun 1950 aka shiga fesa maganin ƙwari a bakin rafukan Arewa. Jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa, gona ta ci daji, masu lambu suka bi fadamu, har kurmin da a da sai an tilasta a sare shi ya zama ana rububin filinsa. Lissafin nan na mutum 70 ya cika ya batse da kansa. En'e ita ma ta wuce, gyaran mulki na 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadinta.

Amma tambayar da Anchau ta bari ba ta wuce ba, watau yaya za a yi mutanen ƙauye su riƙi aikin tsabta ya zama nasu. Ta sake tasowa a kan maganar salga, a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, inda gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka yi shekaru suna gina wa mutane salga kyauta, a komo a tarar an mai da ita rumbu ko akurki. Wata amsa ta fito daga Bangaladash wajen shekarar 2000, a wani ƙauye mai suna Mosmoil cikin gundumar Rajshahi. Wani masani mutumin Indiya, Kamal Kar, da abokan aikinsa suka juya abin. Ba su kawo siminti ba, ba su kawo tara ba. Suka ce wa mutanen gari su zagaya da su inda a ke zuwa bayan gida, a tsaya a wurin, kowa na gani. A zana taswirar gari a ƙasa, kowa ya nuna gidansa da inda ya ke tsugunawa. Su lissafta da bakinsu yawan abin da gari ke zubarwa a shekara, a tambaye su ina ya ke tafiya. A ajiye abinci kusa da ƙazanta, a bar ƙudaje su yi kai da kawowa a gaban jama'a. Gani ya kori ji. Daga nan mutane da kansu su ke yanke shawara, kowa ya haƙa tasa da abin da ya ke da shi, su kuma sa wa juna ido. Dabarar tana da masu sukarta, don a waɗansu wurare kunyatarwa ta wuce kima, ta faɗa kan matalauta. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba kuma. Duk da haka, masu bayan gida a fili a Bangaladash sun ragu daga kashi 34 cikin 100 a 1990 zuwa wajen kashi 1 a 2015.

Nijeriya ta ɗauki wannan hanya cikin shekarun 2000, ta kuma haɗa ta da abin da ta gada, gama a ƙauyen Hausa har yanzu ba a tara jama'a sai da dagaci da mai unguwa da liman. Kurkunu ma da irin wannan haɗin aka gama da shi, da masu sa kai na ƙauye da matatar ƙyalle da rijiyar burtsatse: daga masu ciwo sama da 650,000 da aka ƙidaya wajen 1988, aka ga na ƙarshe cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cikin 2013. Cikin watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa ita ce jiha ta fari da dukan ƙananan hukumominta 27 suka sami shaidar barin bayan gida a fili. A daminar shekaran nan kuwa ambaliya ta yi wa Jigawa ɓarna mai tsanani, ta rushe gidaje da yawa a ƙasar Haɗeja da Ringim da kewayensu. Salgar ƙasa ba ta jure irin wannan ruwa, musamman a jigawa mai rairayi. Wadda ta rufta sai an sake haƙa ta bayan kaka, kamar yadda a ke komawa rafin Anchau da gatari, wannan karon kuwa ba dogari a bayan mai gida.